'Yan Sandan Gundumar Wiltshire a Ingila

A Nijeriya rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak, kuma hedikwatarta tana Abuja. A Ingila da Wales kuwa runduna 43 ne, yawancinsu na gundumomi, kowace da shugabanta da kasafin kuɗinta. Ana ɗaukar ta Wiltshire, a kudu maso yammacin Ingila, a matsayin ta farko cikin rundunonin gundumomi.

Kafin kafa ta, kowane ƙauye yakan naɗa mutum ya riƙe aikin tsaro na shekara guda, ba tare da albashi ba. Manomi ne ko mai kanti, kuma sau da yawa ɓarawon da ake nema maƙwabcinsa ne. Tsarin ya yi aiki lokacin da ake zaman lafiya, amma a shekarar 1830 ya gaza. A wannan shekara leburorin gona suka tayar da tarzoma, suna farfasa injunan sussukar alkama da suka raba su da aikinsu na lokacin sanyi. Wiltshire tana cikin gundumomin da abin ya fi shafa, har sai da aka kira mayaƙa kan dawaki.

Landan ta riga ta sami 'yan sanda masu albashi tun 1829, a hannun Robert Peel. A 1839 majalisa ta yi dokar da ta ba gundumomi izinin kafa nasu, amma ba ta tilasta wa kowa ba. Alƙalan Wiltshire suka amince a watan Nuwamba, suka naɗa Kyaftin Samuel Meredith, hafsan sojan ruwa, ya zama shugaba, da mutane wajen 200 a ƙarƙashinsa. Hedikwatar tana garin Devizes har yau.

Gundumomi da yawa suka ƙi. Masu ƙasa ba sa son ƙarin haraji, wasu kuma suna tsoron kada 'yan sanda su zama idon gwamnati a kan talakawa, kamar yadda suke jin ana yi a Faransa. Wannan tsoro shi ne ya tsara rundunar, domin an ƙi yarda wuƙa da nama su kasance a hannun mutum ɗaya. Dokar 1856 ta wajabta wa kowace gunduma kafa runduna. Gwamnatin tsakiya ta ɗauki nauyin kashi ɗaya cikin huɗu na albashi da tufafi, da sharaɗin masu bincikenta su gamsu da aikin. Wato Landan tana biya tana dubawa, amma ba ita ke ba da umarni ba.

Muƙaman sun fara daga kurtu, sai saje, sai sufeto, sai sufuritanda, har zuwa shugaban runduna. Shi ke yanke shawarar inda za a tura ma'aikata da laifin da za a bincika. Da farko alƙalai ke sa ido a kansa, daga baya kansiloli suka shiga. Daga 2012 jama'a suka fara zaɓen kwamishina guda, wanda ke tsara kasafi, yana kuma da ikon naɗa shugaban ko sauke shi. Sai dai ba shi da hurumin cewa a kama wane ko a saki wane. Yawancin 'yan sandan ba sa riƙe bindiga.

Ƙaramar runduna tana da amfaninta, domin ta san mutanenta, amma ƙarfinta yana da iyaka. A watan Maris na 2018 aka sa wa wani tsohon ɗan leƙen asirin Rasha da 'yarsa guba a birnin Salisbury, har wani ɗan sandan Wiltshire ya kwanta asibiti rai a hannun Allah. Nan da nan sashen yaƙi da ta'addanci na ƙasa ya karɓi binciken, aka kuma aro 'yan sanda daga wasu gundumomi domin gadin wuraren da aka killace.