Ƙananan Kalmomin Turanci da Fartanyar Manomi

A Gozaki, ko a kowane ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi, da wuya ka shiga gida ka rasa fartanya. Tarakta sai mai hali, ko a ɗauko ta haya sau ɗaya a shekara, ta yi huɗa ta kama gabanta. Fartanya kuwa ta kullum ce. Da ita ake noman fari da maimai, da ita ake tonon gyaɗa da dankali, a gyara kwata idan ruwan Agusta ya cika tsakar gida, a kwaɓa ƙasar yaɓe da rani. Ruwa ɗaya ne, ƙota ɗaya, amma riƙon da ake yi mata wajen noman masara daban yake da na tonon dankali, don wanda ya kai sara da ƙarfi zai tsaga dankalin biyu.

Haka ƙananan kalmomin Turanci suke, kuma a nan ne nake ganin 'ya'yanmu ke yin asarar ƙarfinsu. Ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO a Ƙafur zai cika littafi da manyan kalmomi masu gaɓa biyar, waɗanda da ƙyar zai gamu da su sau ɗaya a shekara. Su "get" da "take" da "put" da "run" kuwa ya raina su, tunda tun yana firamare aka gaya masa "run" gudu ne, shi ke nan. Alhali da masu babban ƙamusun Oxford suka sake bitar wannan kalma a 2011, ma'ana 645 suka lissafa mata a matsayin aikatau kawai. A bugun 1989 kuwa "set" ce ke kan gaba, da ma'ana 430. Injin ban ruwa idan yana aiki "run" yake yi. Mai tafiyar da shago, da mai neman kujerar kansila, duk "run" ne. Takin da ya ƙare a tsakiyar gona ma an ce ya "run out".

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba. Mu ne muke cin tuwo, mu ci kasuwa, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, wani ya ci amana, wani ya ci zaɓe. Baƙon da ya hardace cewa "ci" kai loma baki ne kawai, ranar da ya ji an ce wuta ta ci rumbu zai tsaya yana kallon mutane.

Abin ya wuce maganar jarrabawa, ya taɓa aljihu da lafiya. Rubutun da ke jikin buhun yuriya da kwalbar maganin ciyawa yawanci da Turanci yake, haka ma da yawa daga takardun bayanin irin masara na SAMMAZ da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ke fitarwa. Yaron da uba zai miƙa wa kwalba ya ce, "Kai ɗan boko, karanta mana," ya san "apply" wajen neman aiki ko gurbin karatu, bai san ita ce zuba taki ko fesa magani ba. Ya san "stand" tsayuwa ce, ga shi a takarda tana nufin gindin shuka. "Dress" da ya sani riga ce, a nan kuwa cuɗa iri da magani ake nufi kafin a shuka. A banki "interest" kuɗin ruwa ne, a aji sha'awa ce. "Charge" tana wajen mai cajin waya, tana cikin saƙon da banki ke turowa idan ya cire kuɗi, tana kuma gaban alƙali.

Akwai kuma Turancinmu na gida, wanda Hausa ke leƙowa ta ƙarƙashinsa. Mutum zai miƙe zai fita ya ce "I am coming", saboda "ina zuwa" ce a ransa. Muna cewa "sorry" ga wanda ya yi tuntuɓe da "well done" ga mai aiki, saboda muna neman gurbin "sannu". Ni ban ɗauki wannan abin kunya ba. A Janairun 2020 Oxford ta shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29 cikin ƙamusunta, har da "okada" da "Kannywood". Sai dai mai gyaran takardar jarrabawa ba zai karɓi "borrow me your pen" ba, don haka dole ɗalibi ya san wacce ta kasuwa ce, wacce ta takarda.

Ba a koyon noma da kallon fartanya rataye a bango. Bin baba ake yi kunya-kunya, ana ganin yadda hannunsa ke sauyawa. Kalma ma a cikin jimla ake kama ta. Wani masani mai suna Michael West ya fitar da jerin kalmomin Turanci kusan 2,000 da aka fi amfani da su a 1953, kuma mafi yawansu irin waɗannan gajeru ne. Da malaman Turanci a makarantunmu za su ɗauki kalma ɗaya a mako, su ce kowane ɗalibi ya zo da jimlar da ya tsince ta a ciki, daga buhun taki, ko saƙon banki, ko kwalin magani, ko labaran rediyo, da allo ya cika kafin Juma'a. Sai malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yara su faɗi da Hausa abin da kalmar ke yi a kowace jimla.