Bokitin da Ya Kwana a Cike

Kafin ƙarfe bakwai na safiyar Janairu, babu mai ciniki a Taminus ta Jos kamar mai shayi, sai kuma masu gwanjon rigunan sanyi. Jos na zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma in hunturu ya kankama, awon zafi da daddare kan sauka zuwa wajen digiri 10. Mai doki zai tsaya wurin mai shayin ya ɗumama cikinsa, ya biya kuɗin buhun dusa, ya aika a nemo damin harawa a kai barga. Abin da bai cika tambaya ba shi ne ko dukushinsa ya sha ruwa jiya.

Ɗan barga ne yake ganin amsar. Bokitin da ya cika da magariba yana nan a cike, ƙura ta yi masa yana a sama, in ka tsoma yatsa sai ka janye. "Ai sanyi ake, ba ya jin ƙishi," in ji shi, ya ɗauki tsintsiya. Kashin da yake sharewa kuwa ƙanana ne, busassu, ba su kai yawan na shekaranjiya ba. Bayan kwana biyu dukushin zai fara tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi, ya yi birgima. Murɗar ciki ke nan ta zo.

Halittar doki ce ta sa abin ke da haɗari. Tumbinsa ƙarami ne, bai fi cin lita 15 ba, ga shi ba ya iya amai, don haka duk abin da ya shiga dole ya ratsa hanji mai tsawon kusan mita 30. A babban hanjin akwai wata kwana inda hanyar ta tsuke ta juya baya. Da damina ɗanyar ciyawa takan zo da ruwanta, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne. Da rani kuwa sai harawa da ingirici, waɗanda ruwansu bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Busasshen abinci ya ƙaru, shan ruwa ya ragu, sai abincin ya cushe a wannan kwanar.

Babban doki kan sha lita 25 zuwa 45 a yini. A 1994 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka sun gwada ƙananan dawaki a lokacin sanyi, suka ga sun sha ruwa mai ɗumi fiye da mai tsananin sanyi da kashi 40 cikin ɗari. Ruwan Jos ba ya ƙanƙara kamar nasu, amma butar ruwan zafi ɗaya a sirka a bokiti safe da yamma ba ta kai kuɗin kwanon dawa ba. Ɗan gishiri a cikin jiƙaƙƙiyar dusa ma yana tayar da ƙishi. Tsofaffin masu barga da ke ba doki kanwa sun daɗe da gane haka, illa dai wasu hannunsu ya yi nauyi.

Dukushi yana da nasa ƙarin matsalar. Wajen shekara biyu da rabi yake famfara, baki na ciwo, sai ya haɗiye harawa ba tare da ya niƙe ta ba. Ga manyan tsutsotsin ciki da suka fi addabar 'yan ƙasa da shekara ɗaya. In sun yi yawa aka ɗura magani mai ƙarfi, sukan mutu gaba ɗaya su toshe hanji. Shi ya sa wannan aikin na likitan dabbobi ne, kuma ƙasar Jos ba ta rasa su ba, tunda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana Vom tun 1924.

Sai kuma son kai na mai doki. Hawan angwanci ko wasan folo ya matso, ana son dabba ta yi sheƙi cikin mako guda, sai a ninka mata gero da dawa. Hatsi mai yawa a ci ɗaya yakan wuce ƙaramin hanji bai narke ba, ya je ya yi tsami ya tara iska. A raba shi kashi biyu ko uku, ciyawa ta zama ita ce gindin abinci, duk wani canji kuma a bi shi sannu cikin kwana 7 zuwa 10. Kada a zuba abinci a kan rairayi, domin yashi na taruwa a hanji.

In murɗar ta riga ta kama, a ɗauke abinci, a ja dukushin a yi ta zagayawa da shi a hankali, a kira likita. Ɗura masa man gyaɗa da kwalba ta baki na iya kai man cikin huhu. Mai doki kuma, gobe in ya bar teburin mai shayi ya shiga barga, ya fara duba bokiti da kashi kafin ya tambayi sirdi.