Wa Ke Ɗaukar Nauyin Jinyar Tsoho a Toranke?

A Toranke, kamar sauran mazaɓun Ajingi da ƙauyukan Gaya, idan tsufa ya kwantar da mutum ba a tambayar inda za a kai shi. Yana ɗakinsa. Matar ɗansa ce mai dama masa kunu, 'yarsa ta zo daga gidan miji ta wanke masa shimfiɗa, jika ya riƙe shi zuwa makewayi, wanda ya tafi ci-rani Legas ya turo ɗan abin da ya samu ta hannun mai POS. Gidan gajiyayyu na Shahuci yana can cikin birnin Kano, kuma a wurin mutumin karkara, kai mahaifi can abin kunya ne da ba ya wankuwa. To, a duk wannan ɗawainiya, ina hannun gwamnati?

Babu wani alawus da gwamnatin tarayya ke biyan mai jinyar tsoho a gida. A takarda kam an yi alkawari. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da biyan fansho, sai dai yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. A farkon 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, amma sai a 2021 ta fara aiki ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro. Aikinta tsara manufofi da ƙa'idojin horar da masu kula da tsofaffi. Ba ta raba kuɗin wata. Fansho kuwa na wanda ya yi aikin albashi ne. Wanda ya ƙare ƙarfinsa a gonar gero da gyaɗa, fanshonsa 'ya'yansa.

Abin da ya taɓa shiga irin waɗannan gidaje shi ne tallafin naira 5,000 a wata na zamanin Buhari, wanda aka ƙarfafa da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Ba don tsofaffi aka yi shi ba, na gidajen talakawa ne, amma yawanci mace ce ke karɓa, naira 10,000 duk bayan wata biyu, kuɗi a hannu. Macen nan kuwa sau da yawa ita ce mai jinyar. Kuɗin ba su da yawa, amma an san lokacin zuwansu, har mai kyamis yakan yarda ya ba da maganin hawan jini bashi.

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsarin ya sauya. A watan Oktoba na shekarar Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Kuɗin sun fi na da, amma masu ƙarewa ne, jinyar mai shanyewar ɓarin jiki kuwa ba ta san wata uku ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar da ke kula da tallafin, Betta Edu, aka tsayar da shirin, da aka dawo kuma sai da sharaɗin lambar NIN da asusun banki ko na waya. An ce don a toshe kafar sata ne, kuma ba wanda zai ce babu sata. Amma a duba wanda sharaɗin ya fi tankaɗewa: tsohuwar da ba ta iya hawa babur zuwa wurin rajista, da dattijon da fartanya ta cinye masa zanen yatsa har na'ura ta ƙi ɗauka. A daidai lokacin ne kuma dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500, farashin magani ya bi ta.

Ƙofar da ta fi buɗuwa yanzu ta asibiti ce. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa. A Kano, hukumar inshorar lafiya ta jiha, KSCHMA, ce ke yi musu rajista. Wanda yake da tsoho a gida ya je asibitin mazaɓarsa ya tambaya ko ana ɗaukar suna, ya tafi da lambar NIN ɗin tsohon, kada ya jira sai ciwo ya tashi. Sai dai a sani, wannan kuɗi majinyacin da ya iso asibiti yake bi. Ba ya sayen sabulu ko ledar shimfiɗa, ba ya biyan ma'aikacin lafiya ya zo gida ya wanke gyambon kwanciya, balle ya rama wa matar da ta ajiye sana'ar ƙuli-ƙulinta don zaman jinya.

Ba wai abin ya gagara a ko'ina ba ne. Zanzibar, tsibirin Musulmi mai ƙaramin ƙarfi, tun 2016 take biyan duk wanda ya kai shekara 70 kuɗin wata, ba tare da an binciki talaucinsa ba. A nan gida Ekiti ta fara biyan tsofaffi naira 5,000 a 2011 zamanin Kayode Fayemi, mulki na sauyawa shirin ya tsaya. Jigawa, da ke iyaka da Ajingi da Gaya, ta fara ba wasu tsofaffin da aka zaɓo daga mazaɓu naira 10,000 a wata ƙarƙashin Gwamna Umar Namadi. Ni dai tsarin Zanzibar ya fi kwanta mini: shekaru kaɗai ake dubawa, kansila ba shi da ta cewa a kan wanda zai shiga.

Hanyar samun kuɗin yin irin wannan ma akwai: Kano tana da hukumar zakka da hubusi tun 2003, kuma tun Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ajingi mazaɓu 10 ce. Ƙidaya tsofaffin da ke kwance a cikinsu aiki ne da masu unguwanni da dagatai za su iya gamawa kafin kaka, kuma da wannan lissafi ne za a tunkari shugaban ƙaramar hukuma lokacin tsara kasafin kuɗi.