Ƙananan Maƙeran Da Suka Mallaki Aljihun Duniya

A cikin watan Mayu na shekarar 2024 wani labari ya fito daga ƙasar Suwizalan wanda ya ba mutane da yawa mamaki. Carl Elsener, shugaban kamfanin Victorinox mai ƙera jar wuƙar aljihun nan da ake kira wuƙar sojan Suwizalan, ya shaida wa wata jarida ta ƙasarsu cewa ma'aikatansa sun soma aikin fito da wani sabon samfuri wanda babu wuƙa a jikinsa ko kaɗan. Dalili kuwa shi ne ƙasashe da dama suna ta ƙara tsananta dokokin yawo da abu mai kaifi. Wato dai gidan da ya yi shekara 140 yana cin abinci da wuƙa, ga shi zamani ya sa shi tunanin yadda zai rayu ba tare da ita ba.

Wannan labari ya sake jawo hankalin jama'a ga wata sana'a wadda ba a cika kula da ita ba, ita ce ta ƙera ƙananan kayan aikin da mutum kan zuba a aljihu ko ya rataya a ɗamara kullum in zai fita, kamar wuƙa mai naɗewa, da tocila, da filaya, da 'yar jakar da ake ɗaukar su a ciki. Duk wanda ya bi asalin shahararrun cikinsu zai tarar ba manyan kamfanoni suka fito da su ba. Kusan kowane ɗaya daga maƙerar mutum guda ya faro, wanda wata larura ta dame shi, ya zauna ya nemi maganinta, sa'an nan ya buga sunansa a jikin abin da ya ƙera don kowa ya san wanda zai kama in aikin ya ɓaci.

Gwangwani Da Bindiga

A shekarar 1884 ne Karl Elsener, kakan mahaifin shugaban kamfanin na yanzu, ya buɗe 'yar maƙerarsa a ƙauyen Ibach, a lardin Schwyz, tare da taimakon mahaifiyarsa Victoria. Ba a daɗe ba sai rundunar sojan ƙasar ta bukaci wuƙa mai naɗewa wadda soja zai buɗe abincin gwangwani da ita, ya kuma kwance kusoshin sabuwar bindigarsa in zai goge ta. To, a lokacin babu maƙerin da zai iya samar da adadin da ake nema a duk faɗin Suwizalan, saboda haka wuƙaƙe 15,000 na farko daga garin Solingen na Jamus aka sayo su.

Abin ya sosa wa Elsener rai, domin lardinsu matalauci ne, samarinsa kuwa ƙaura suke yi saboda rashin aiki. Sai ya tara 'yan'uwansa maƙera suka kafa ƙungiya, suka fara kai wa soja wuƙa a 1891. Amma Jamusawa suna da injuna, kayansu ya fi araha, har abokan nasa suka janye suka bar shi da bashi. Shi dai bai saki ba. Ya ci gaba da gyaran ƙirar har ya gano yadda zai jera kayan aiki a ɓangarori biyu na ƙotar, sifirin ɗaya yana riƙe da na sama da na ƙasa, ya yi wa wannan ƙira rajista ranar 12 ga Yuni, 1897. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1909 ya sa wa kayansa sunanta, a 1921 kuma, da aka fara aiki da ƙarfen da ba ya tsatsa, aka haɗa sunanta da sunan wannan ƙarfe da Faransanci, aka sami Victorinox. Sojojin Amurka da suka zauna a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ne suka riƙa saye suna kai wa danginsu tsaraba, da haka sunan wuƙar ya game duniya.

Wuƙar Manomi

A can tsallaken iyaka kuwa, cikin duwatsun Savoie na ƙasar Faransa, wani saurayi ɗan gidan maƙera mai suna Joseph Opinel ya bi wata hanya dabam a 1890. Shi wuƙa ɗaya tak ya ƙera, mai ƙotar itace, domin manoma da makiyayan yankinsu su yanka burodi da cuku, su datse igiya, su sassaƙe reshe. A 1897 ya jera ta girma-girma daga lamba 1 zuwa lamba 12, a 1909 kuma ya yi rajistar alamarsa, wato hannu da kambi a samansa, wadda har yau ake bugawa a jikin ƙarfen. Babban gyaran da aka yi mata shi ne na 1955, sa'ad da ɗansa Marcel ya ƙara wani zobe a wuyan ƙotar, wanda in an murza shi sai ya kulle wuƙar ta kasa naɗewa a kan yatsun mai aiki da ita. Duka-duka sassa biyar ne a jikinta, kuma wannan sauƙin ƙira shi ya sa ta yi araha, ta kuma yi ƙarko.

Tsohuwar Mota Da Filaya

Labarin Tim Leatherman na birnin Portland, a Jihar Oregon ta Amurka, ya fi kusa da zamanin nan. A 1975 shi da matarsa suka yi yawon Turai cikin wata tsohuwar mota ƙirar Fiat wadda suka saya dala 300. Motar ta yi ta lalacewa a hanya, famfunan ƙananan masaukin da suke kwana su ma suna yoyo, shi kuwa ba abin da ke hannunsa sai wuƙar aljihu, alhali filaya yake bukata. Da yake ya yi karatun injiniya, yana komawa gida sai ya duƙufa neman yadda zai haɗa filaya da wuƙa da sukundireba a abu guda mai naɗewa.

Ya zaci aikin wata ɗaya ne, ashe na shekara takwas ne. Ko da ya sami rajistar ƙirar a 1980, masu kamfanonin wuƙa suka ce wannan ai kayan kanikanci ne, masu kayan kanikanci kuma suka ce abin wasa ne. Sai a 1983, bayan ya haɗa gwiwa da abokinsa Steve Berliner, kamfanin Cabela's mai sayar da kayan farauta ya yi odar guda 500. Daga nan ƙofa ta buɗe, mahaƙurci mawadaci.

Haka shi ma Anthony Maglica, wanda aka haifa a Amurka ya girma a Kuroshiya, da injin feƙe ƙarfe guda ɗaya ya fara a 1955 a birnin Los Angeles. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana sun daɗe suna kukan tocilar kasuwa, wadda da ta faɗi sai ta mutu. A 1979 ya fito musu da Maglite, wadda aka feƙe gangar jikinta daga alminiyam mai kauri, aka toshe mahaɗanta da zoben roba don kada ruwa ya shiga. Shekara biyu bayan haka Sal Glesser na kamfanin Spyderco, wanda da dutsen wasa wuƙa yake sayarwa, ya huda rami a jikin ƙarfen wuƙarsa don a buɗe ta da babban yatsa kaɗai, ya kuma sa mata maƙali na maƙalawa a bakin aljihu. Yau da wuya a ga wuƙar aljihu ta zamani wadda ba ta ari wannan maƙali ba.

Suna Da Alkawari

Mai karatu zai lura cewa waɗannan mutane ba su haɗa ƙasa ko zamani ba, amma sun haɗa hali. Kowannensu ya san mai amfani da kayansa da irin wahalar da yake sha, kuma kowannensu ya yarda a kama shi da laifin aikinsa. Leatherman garantin shekara 25 yake bayarwa. Victorinox kuwa ya ɗauki alkawarin gyara ko sauya duk wuƙar da aka sami aibi a ƙarfenta ko a ƙirarta muddin tana nan. Ba mai yin irin wannan alkawari sai wanda ya tabbata kayansa ba za su riƙa dawowa ba, don haka alkawarin shi kansa yana tilasta wa maƙeri kyautata aiki.

An gwada ƙarfin wannan hali a 2001. Bayan harin 11 ga Satumba a Amurka aka hana shiga jirgin sama da wuƙa ko wace iri, kantunan filayen jiragen sama kuwa suna cikin manyan wuraren da ake sayar da jar wuƙar. Cinikin wuƙaƙen Victorinox ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Duk da haka kamfanin bai sallami ma'aikaci ko ɗaya ba saboda wannan. Ya ɗebi abin da ya tara lokacin wadata, ya ba wasu masana'antun yankin aron ma'aikatansa, ya kuma ƙara ƙarfi wajen agogo da jakunkunan tafiya. Abokin gasarsa Wenger, wanda suke raba kwangilar soja da shi tun 1908, bai iya jurewa ba, har Victorinox ya saye shi a 2005.

Kama Da Wane

A cikin shekarun nan wani sabon reshe ya tsiro a wannan sana'a, shi ne na kayan da ake yi a bisa samfurin na fagen daga. A 1997 sojan Amurka suka fito da wani tsarin ɗaukar kaya da suke kira MOLLE, wato layukan ɗamara da ake ɗinkawa a jikin jaka ko riga, a bar 'yan kafofi inda za a saƙa ƙananan aljihuna yadda mutum ya ga dama. Lokacin yaƙin Afganistan na 2001 da na Iraƙi na 2003 sojoji da yawa sun riƙa sayen irin waɗannan kaya da kuɗinsu daga ƙananan maɗinka, wasu kuma da suka bar aiki suka buɗe nasu, kamar Jason McCarthy wanda ya kafa kamfanin jaka na GORUCK a 2008. Daga baya farar hula suka yi sha'awa, kasuwa ta buɗe.

A nan ne kuma ɓarna ta shigo. Da suna ya yi tsada sai masu jabu suka taso, suna kwaikwayon launi da siffa, har da tambari. Maglica kansa ya kashe dukiya mai yawa wajen shari'a da masu satar ƙirar tocilarsa. Amma kama da wane ba ta wane. Ana iya kwaikwayon jan ƙota da farar alama, abin da ba a iya kwaikwaya da araha shi ne gashin ƙarfe, da ƙarfin sifirin, da ingancin zare. Jabun wuƙa ba ta riƙe kaifi, makullinta kuwa yana iya suɓucewa ana cikin aiki ƙarfen ya rufo a kan yatsu. Jabun jaka tana da layukan ɗamara kamar ta gaske, amma ranar da aka cika ta da kaya ɗinkin ke warwarewa. Saboda haka mai saye ya buɗe wuƙa ya rufe, ya ji ko tana zama daram ba ta girgiza, ya juya jaka ya dubi ɗinkin ciki, ya kuma tambayi mai kanti ko zai karɓa in ta ɓaci. In kuɗin ya yi ƙasa ƙwarai da wanda aka sani, to, araha ba ta ado.

Akwai kuma maganar doka, wadda ta fi ta kuɗi nauyi. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa in tsawon ƙarfenta bai wuce inci 3 ba, amma kotunan ƙasar sun yanke cewa mai makulli ba ta cikin wannan rangwame, wato zoben da Marcel Opinel ya ƙara don kare yatsu yana iya kai mutum gaban alƙali. A Nijeriya kuwa doka ta hana farar hula sa kayan soja, rundunar soja ma ta sha yin gargaɗi game da yadin nan mai dabbare-dabbare. A wannan zamani na shingayen bincike a kan hanyoyi, saurayin da ya rataya jaka mai launin soja don ado yana iya jawo wa kansa tambayoyin da bai shirya musu ba. Jakar da aka yi da baƙin yadi ko ruwan ƙasa aikinta ɗaya da waccan.

Maƙera Da Dukawa

Kayan aljihu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa matafiyi kan ɗauki ƙyastu na kunna wuta, da matsefata ta cire ƙaya, wanzami yana da zabirarsa, almajiri yana da gafakarsa, duk kuwa aikin maƙera da dukawan gida ne, kuma har gobe ana samun ƙwararrunsu a Kano da Sakkwato da Agadas. Abin da galibi ba a samu a jikin kayansu shi ne sunan wanda ya yi aikin. In wuƙa ta yi kyau mai saye bai san wanda zai koma wa ba, in ta ɓaci ma haka, don haka ƙwararre da ɗan koyo kuɗi ɗaya ake taya su a kasuwa.

Joseph Opinel bai fi waɗannan maƙera jari ba sa'ad da ya fara, Tim Leatherman ma a garejin surukinsa ya yi gwaje-gwajensa. Abin da suka ƙara a kan gwaninta shi ne daidaita girma da ƙira yadda ta bana za ta yi daidai da ta bara, da buga tambari, da cika alkawarin gyara. Waɗannan uku ba sa bukatar babban inji ko rancen banki. Ranar da badukun Kano zai buga sunansa da unguwarsa a cikin jakar da ya ɗinka, ya ce wa mai saye ya dawo da ita in zare ya tsinke, ranar ce kuɗin aikinsa zai fara bambanta da na maƙwabcinsa.