"Za A Ci Gaba": Wane Irin Labari Jama'a Suka Fi So?

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu karatun hikayoyi, watau wanne ya fi: labarin da ake gamawa a littafi guda, ko wanda ake yankawa kashi-kashi a ce za a ci gaba, ko kuwa wanda mawallafi ya bari a buɗe bai faɗi yadda aka wanye ba. A ganina jama'a ba su ƙin jira. Abin da ba su yafewa shi ne a sa su jira, sa'an nan a hana su ƙarshe.

Littattafanmu na farko, waɗanda suka fito bayan gasar da Dakta East ya shirya a Zariya cikin 1933, kowanne a tsaye yake da ƙafarsa. Mai karanta Ruwan Bagaja ba ya ajiye shi sai ya ga Alhaji Imam ya komo gida da ruwan da ya fita nema.

Amma a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa cikin 1937, Abubakar Imam ya yi wata dabara da ta cancanci a tsaya a duba. A littafi na ɗaya Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana so ya fita ya bi su, Waziri kuwa yana haƙonsa, sai aku ya riƙa tsare shi da labari har gari ya waye. Kowane labari da aku ya bayar cikakke ne, malami yana iya karanta wa yara guda ɗaya kafin a buga ƙararrawa. Duk da haka hankalin yaro bai kwanta ba, gama bai san ko Musa zai tsira ba. An biya shi ƙaramin bashi yau, an riƙe masa babban sai gobe, kuma daga bisani aka biya shi duka: Sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu. Haka Shaharzad ta yi wa nata sarkin a Dare Dubu Da Ɗaya, sai dai ita a tsakiyar labari take katsewa, don ranta ne a kan siraɗi.

Turawa ma sun san zaƙin wannan hanya. Conan Doyle na Ingila ya riƙa buga labarun Sherlock Holmes a mujalla, kowane wata da cikakken labari, gwanin kuwa shi ne dai. Da ya gaji, cikin 1893 ya jefa shi a wani kwazazzabon ruwa na ƙasar Suwizalan don ya huta. Ina! Masu karatu suka tasa shi gaba da ƙorafi, har cikin 1903 ya dawo da shi da rai. Ashe ƙarshen ma sai wanda jama'a suka yarda da shi.

Haɗarin labari mai ci gaba a fili yake. Charles Dickens ya mutu cikin 1870 ya bar labarin Edwin Drood a kashi na 6 daga 12 da ya yi niyya, har yau ana ta cacar yadda zai ƙare. Shi mutuwa ce ta yi masa hanzari. Amma littattafan soyayya da suka yawaita a Kano tun daga shekarun 1980 da gangan aka riƙa raba su na ɗaya, na biyu, na uku, a katse daidai inda zuciya ta ɗauki zafi. Wanda ya sayi na ɗaya ya ba da kuɗinsa ne bisa amana, in na ƙarshe bai fito ba an ci amanar.

To, labarin da aka bari a buɗe fa? Ba baƙo ba ne gare mu, ko da yake tatsuniya ta saba rufewa da ƙurunƙus. Muna da irin wanda ake cewa samari uku sun taru sun ceci yarinya, ɗaya ya hango ta, ɗaya ya kai su wurin, ɗaya ya ba ta magani, sa'an nan a tambayi masu sauraro wa ya cancanci a ba shi ita. Ba mai fushi da wannan, domin an gama faɗin abin da ya faru duka, hukunci kaɗai aka bar wa jama'a. Malamin da ya karanta irinsa a aji ya tanadi rabin sa'a don gardama, sau da yawa ma ba ta isa.