Ƙulafucin uwa: Me ya sa yaronki ya ƙi sakin zanenki?

Idan rani ya kama a Wurno da Rabah da Goronyo, babu macen da ke zaune haka nan. Ruwan madatsar Goronyo da ke kan kogin Rima ya sa fadamun yankin ba su hutawa, ga albasa, ga tafarnuwa, ga shinkafa. Maza na fita tun asuba, mata kuwa a garuruwa da ƙauyuka irin su Sisawa na fama da girkin masu aikin gona da surfe da gyaran kayan da za a kai kasuwar Achida ko ta Goronyo. Wata malamar makaranta ce, wata ma'aikaciyar asibiti, wata kuma da wayarta take cinikin atamfa da turaren wuta.

A tsakiyar wannan hidima ne ɗan shekara biyu zai kama bakin zane ya ƙi saki. Ki tashi ya tashi, ki shiga bayi ya tsaya a ƙofa yana tsala ihu, ki tayar da salla ya haye bayanki. Uwar miji ta ce kin sangarta shi, maƙwabciya ta ce ki zane shi sau ɗaya ya shiga taitayinsa. Ke kuma ga gajiya, ga tausayi, ga haushi, har wani lokacin ki daka masa tsawar da za ki kwana kina jin zafinta.

Halitta ce, kuma tana da lokacinta

Likitocin yara sun daɗe da lura cewa ƙiwa da ƙulafucin uwa na farawa ne wajen wata shida zuwa takwas, su yi ƙarfi tsakanin wata goma zuwa shekara ɗaya da rabi, sannan su riƙa raguwa har zuwa shekara uku. A wannan lokacin ne jariri ke gane cewa uwarsa na nan ko da ba ya ganinta, amma bai san lokaci ba. A wurinsa fitarki zuwa madafa da tafiyarki Sakkwato duk ɗaya ne, don bai san wacce ce za ta ƙare da wuri ba.

Wata masaniyar halayyar yara mai suna Mary Ainsworth ta zauna da iyalai kusa da Kampala a ƙasar Yuganda a 1954 da 1955, tana kallon yadda jarirai ke hulɗa da iyayensu mata. Abin da ta gano shi ne yaro na ɗaukar uwarsa kamar masauki: ya rarrafa ya je ya taɓa wani abu, ya waiwayo ya ga tana nan, ya ƙara gaba. Binciken da ta ci gaba da yi a Amurka ya nuna yaran da ake amsa kukansu da wuri a watannin farko sun fi ƙarancin kuka daga baya.

An yi irin wannan nazari a ƙasar Hausa ma. Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun buga sakamakonsa a 1977, bayan sun bi jarirai 18 a gidajen Hausawa masu yawan jama'a. Sun tarar kowane jariri na da manya uku zuwa huɗu da ya shaƙu da su, amma akwai guda da ya fi gudu wurinta in ya tsorata, kuma ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba ita ta haife shi ba. Wannan labari ne mai daɗi ga uwa mai aiki. Zuciyar yaro na da wurin mutum fiye da ɗaya, kuma sabonsa da kaka ko goggo ba ya rage miki komai.

Abin da ke ƙara rura wutar

Idan yaron da ya fara sakewa ya koma manne miki, ki fara duba abin da ya canza a rayuwarsa.

Na farko shi ne yaye. Al'adarmu ita ce a wayi gari a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka ya yi kwanaki. A rana guda ya rasa nono, ya rasa goyo, ya rasa ɗumin uwa da dare. In ya dawo, ba mamaki ya ƙi yarda ki ɓace masa ko na minti ɗaya. Yaye a hankali ya fi sauƙi: a fara janye nonon rana, a bar na dare zuwa ƙarshe, kuma in za a kai shi wurin kaka, ya kasance ya riga ya saba da ita.

Na biyu shi ne sabon jariri. Wanda jiya shi ne a baya, yau an ce masa ya girma. Za ki ga ya koma tsotson yatsa, ko maganar jarirai, ko fitsarin kwance. Haka kuma ɗan fari, wanda kunya ke hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban surukai, yana bukatar ki rama masa wannan in kun shiga ɗaki ku biyu.

Na uku, yunwa da barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara ɗaya zuwa biyu na bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, ɗan shekara uku zuwa huɗu kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Yaron da ke raya dare tare da manya ana kallon fim, gobe rigima zai wuni yi.

Na huɗu kuwa shi ne wanda ya fi ciwo a gabashin Sakkwato, wato tsoro. Tun harin da aka kai Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa Gandi, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, iyalai da yawa sun bar gidajensu, wasu fiye da sau ɗaya. Yaron da aka sungume shi cikin dare ana gudu, ko ya ji ƙarar bindiga, ko ya ga uwarsa na kuka, jikinsa na riƙe da abin ko da bakinsa bai iya faɗa ba. Irin wannan yaro ba shagwaɓa yake yi ba, kuma duka zai ƙara masa firgita ne. Ya kwana kusa da ke, a daina ba da labarin hare-hare a gabansa, a tsayar masa da lokacin abinci da na barci ko da a gidan aro kuke.

Wayar da ke hannunki

A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya sa iyaye mata su yi wasa da jariransu, sannan su tsuke fuska su yi shiru na ɗan lokaci. Cikin ƙanƙanin lokaci jariran suka shiga murmushi da miƙa hannu da ƙara don su dawo da hankalin uwa, da abin ya ci tura suka fashe da kuka. Fuskar da ke kallon waya kusan haka take a idon yaro. Kina kusa da shi, amma bai same ki ba.

Ba wanda zai ce ki ajiye wayar da kike neman abinci da ita. Abin da ya fi shi ne ki ware mata lokaci, misali in ya yi barcin rana ko bayan Isha'i, ki kuma kife ta lokacin shayarwa da cin abinci. Miƙa masa wayar don ya yi shiru ma bashi ne da za ki biya da riba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

Dabarun da ke aiki

Ki ba shi kasonsa tun kafin ya nema. Minti goma zuwa sha biyar kullum, a lokaci guda, ku zauna a tabarma, shi ne zai zaɓi wasan, ke kuma ki bi shi. Ba gyara, ba faɗa, ba waya. Yaron da ya san rabonsa na zuwa bayan karin kumallo ba ya bukatar ya wuni yana ƙwatar sa da kuka.

Kada ki sulale. Yawancinmu mukan jira ya shagala mu zame, ko mu ce "ruwa zan ɗebo" alhali biki za mu. Ranar kin tsira daga kuka, amma kin koya masa cewa da ya ɗauke ido za ki ɓace, don haka gobe ba zai ɗauke ba. Ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce, "Zan je makaranta, Inna na nan tare da kai, in aka kira La'asar zan dawo." Kiran salla agogo ne da ƙaramin yaro ke ganewa. Ki yi sallamar a taƙaice, ki tafi ko yana kuka, kada ki yi ta komowa daga zaure. Sannan ki cika alkawarin, don cikawar ce maganin.

Ki fara da ƙanana. Wasan ɓuya da mayafi, shiga ɗaki kina yi masa magana daga ciki, barinsa wurin maƙwabciya na minti biyar, gobe goma. Sannu ba ta hana zuwa.

Ki sa shi cikin aikin. In kina tsintar shinkafa ki ba shi 'yar tasa da wake ya tsinta, kina kallonsa kada ya kai baki ko hanci. In kina wanki ki ba shi tsumma ya jiƙa. Sau da yawa abin da yake so shi ne ya ji yana tare da ke. Sai dai murhu da tafasasshen mai da bokitin ruwa da bakin rijiya ba wurin yaro ba ne. In suya za ki yi, ki goya shi ko ki miƙa shi.

Ki lura da shi lokacin da yake zaune lafiya. Mun saba ba ma kallon yaro sai ya yi ɓarna, shi kuma ya gane ɓarna ce ke kawo uwa, ko da da tsawa za ta zo. In kin ga yana wasansa shi kaɗai, ki shafa kansa ki ce "Madalla da yarona," ki wuce. In kuma ya kwanta yana birgima don kin hana shi alewa, ki tsaya kusa, ki kwantar da murya, kada ki ba da alewar. Tausayi daban, sakaci daban. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi.

Ki bar tsoratarwa. "Dodo zai kama ka," "zan kai ka a yi maka allura," "zan tafi in bar ka," duk suna ƙara abin da kike son ragewa. Kuma kada ki ba yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci ki samu sararin aiki. Magungunan nan na da haɗari ga ƙananan yara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu tsayayyu da zai riƙa zama wurinsu, maimakon yau nan gobe can. In 'yar raino ce, ta zama mai hankali, don 'yar shekara bakwai ita ma rainon take bukata. Maigida ma na da kaso. Ko minti goma ya ɗauki yaron bayan Magariba, ya zaga da shi ƙofar gida, kin samu kin numfasa, yaron kuma ya samu wani masaukin. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa. Ɗaukar yaro bai rage wa namiji girma ba.

Yaushe za a je asibiti?

Yaron da ya manne miki farat ɗaya, ki fara taɓa jikinsa. Zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina, da ciwon kunne da gudawa duk sukan fara da rigima da ƙin sauka. In akwai zafin jiki, ko ƙin abinci, ko rama, ko kumburin ƙafa, ki kai shi asibiti mafi kusa a ranar.

Haka nan in ya wuce shekara huɗu ko biyar amma rabuwa da ke na sa shi amai ko ciwon ciki, ya ƙi makaranta makonni, ko yana firgita cikin barci, ko ya daina maganar da ya riga ya iya, ko kuma ya tsani zuwa wurin wani mutum guda da a da yake so, kada ki yi shiru. Ki bincika, ki gaya wa ma'aikatan lafiya. Daga manyan asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo ana iya tura ku sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Ke ma ki duba kanki. In tun bayan haihuwa ko bayan gudun hijira kina jin ƙunci, ba ki barci, kukan yaron na sa ki ji kamar ki jefar da shi, ki kwantar da shi wuri mai aminci, ki fita tsakar gida ki sha iska, ki kira wata ta karɓe ki. Kada ki taɓa jijjiga jariri cikin fushi. Wannan ƙunci ciwo ne da ake magani, kuma faɗarsa ga ma'aikaciyar lafiya ba abin kunya ba ne.

Ga yawancin yara dai, ƙulafuci zango ne da ake wucewa. In kin fara sallama ta gaskiya da minti goma na kullum a wannan mako, ki ba abin sati biyu zuwa uku kafin ki yanke hukunci, don kwanakin farko kukan kan ƙaru kafin ya ragu. Allah Ya raya mana su, Ya sa albarka, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a yankinmu.