Takalmin Roba Na Doki: A Auna Kafin A Saya

A Amurka da Turai, masu hawan doki a daji da kan duwatsu suna sa masa takalmin roba, irin su Easyboot da Cavallo, maimakon ƙarfen da ake bugawa da ƙusa. In za a fita a sa, in an dawo a cire.

Ni a ganina awo ya fi zanen ƙasan takalmin muhimmanci. Ka auna faɗi da tsawon kofato da milimita ranar da aka yanke shi, domin yana ƙaruwa da milimita 6 zuwa 10 a wata. In takalmin ya yi yawa zai riƙa juyawa, ko taɓo ya zare shi, kuɗinka sun tafi ke nan. In ya matse, ya goge dunduniya ta yi ciwo, doki ya kama ɗingishi.

Yana kama dutse da kwalta fiye da ƙarfe. Amma jiƙaƙƙiyar ciyawa da laka akwai santsi fa, sai ka rage gudu. Ƙafafun gaba aka fi sa wa, don su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Kowace ƙafa ka auna ta daban.